Garanti da bakaniken unguwa

Garantin da yawancinmu muka sani a Kano na baki ne. Dillali ya miƙo maka makulli ya ce, "Alhaji je ka hau sati guda, in ta yi wani abu ka dawo." Motocin da suka cika Titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Gadar Dangi galibi 'yan Kwatano ne, garantinsu ya ƙare tun suna hannun mai su na farko a Amurka ko Turai. Ko da saura ma, ba kasafai yake biyo mota ya tsallako teku ba. Shi ya sa ranar da Allah ya hore wa mutum sabuwa gal daga kamfani, sai ya riƙe ta da tsohuwar ɗabi'a.

Garantin da kamfanoni suka fi bayarwa shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Amma da sharaɗi: a wurinsu za ka riƙa yin sabis kan lokaci, su buga hatimi a littafi, kuma kada wani hannu ya buɗe inji ko giya.

Wani maƙwabcinmu a nan Babban Giji motarsa ta fara fizga in zai tashi daga danja. Maimakon kamfani, sai ya biya wurin bakanikensa na gefen kasuwar Tarauni, mutumin da ya daɗe yana yi masa aiki cikin amana. Bakaniken ya ce, "Yallaɓai ai man giya ne, bari a juye." Aka juye, aka zuba na otomatik da kowa ya sani. Ashe giyarta CVT ce, wadda ke aiki da bel na ƙarfe tsakanin fule biyu, kuma manta daban ne. Fizga ta koma kuka. Da ya kai ta kamfani, kafin a ɗaga ta sama ma littafin sabis suka nema. Suna duba man suka ce garantin giya ya faɗi.

Ban ga laifin bakaniken sosai ba. A kan Peugeot ɗin Kaduna da tsofaffin Honda ya ƙware, da kunne yake gane ciwon mota. Giyar yanzu kuwa kwamfuta ke tuƙa ta, sai an jona na'ura ta faɗi abin da ke damunta.

Sai dai su ma kamfanonin sai a hankali. Ka bi ƙa'ida tsaf, giya ta lalace ba laifinka ba, sai a ce sai an tura rahoto Legas, sai an amince, sai kaya sun iso daga waje. Tun da darajar naira ta zube a 2023 ba kowa ke ajiye giya sabuwa a sito ba. Motarka na can tana shan ƙura, kai kana tare adaidaita sahu a bakin Asibitin Malam, ba wanda ya ara maka ta hawa. Ga kasuwar Ƙofar Ruwa, da safe za ka sayo giyar Baljam, kafin magariba an ɗaura. Wa zai ƙi jarabtuwa? A ganina wannan jiran ya fi rashin sani kashe garanti a Kano.

In kana cikin wannan hali, kada ka bar musu mota sai sun ba ka takarda mai kwanan wata, da adadin kilomita, da ƙorafinka yadda ka faɗe shi. In suka ce ba za su gyara kyauta ba, su rubuta dalili. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke karɓar irin wannan ƙara, amma da takardu ake zuwa, ba da "wallahi manaja ne ya faɗa min" ba.

Shi maƙwabcin namu daga ƙarshe Ƙofar Ruwan ya nufa, da kuɗin aljihunsa, alhali saura fiye da shekara garantin motar ya cika.