Na'urar Da Ke Tashina Da Tsakar Dare

A hunturun bara, 'yan tsaki 14 suka mutu mana a dare ɗaya, don kaskon gawayin da ke ɗumama ɗakinsu ya mutu muna barci. Ga shi kuɗin jarrabawata a jikinsu yake.

Bana Yaya ya sayo wata 'yar na'ura a Kano, girmanta kamar kwalin ashana, ya rataye ta a ɗakin kajin. Tana auna zafi, ta aika wa wayarsa ta Bluetooth. Ɗan tsako a makon farko yana buƙatar wajen digiri 32. Da zafin ya sauka sai wayar ta yi ƙara, Yaya ya tashe ni in ƙara gawayi.

Barcina ya ragu, amma yau kwana 20 ko ɗaya bai mutu ba. Alhamdulillahi.