Dandalin Jama'a A Hannun 'Yan Kasuwa Ƙalilan

Duk wanda ya yi aikin jarida a ƙasar nan zamanin mulkin soja, ko kuwa ya zauna da waɗanda suka yi, ya san cewa mai toshe bakin jama'a a wancan lokaci yana da suna, yana da ofis, kuma an san ƙofar gidansa. Cikin shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin Daily Times da ke Ikko. Cikin 1984 kuma aka kafa Dokar Soja mai lamba 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure ma'aikatan jaridar Guardian guda biyu, watau Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda. Waɗannan al'amura sun yi ɗaci ƙwarai, amma kowa ya ga hannun da ya yi marin, saboda haka lauyoyi da ɗalibai da ƙungiyar 'yan jarida suka san inda za su kai kukansu, kuma da aka sake gwamnati cikin 1985 aka soke dokar.

Yau fiye da shekara 26 ke nan da komawa mulkin farar hula, amma haɗarin toshe baki bai gushe ba, kama kawai ya sake. Mai tace labari na wannan zamani ba ya sanye da kakin soja, ba ya ma zaune a ƙasar.

Mai karatu zai tuna da teburin mai sayar da jarida a bakin tasha, ko a Agege ne ko a Sabo ta Ibadan ko a Sabon Garin Kano. Nan ake jera Tribune da Concord da Punch da New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, sa'an nan masu karatun kyauta su kewaye teburin suna musu har rana ta take. Kowace jarida da ubangidanta da kuma inda ta karkata, domin babu wanda bai san Tribune ta Cif Awolowo ba ce, Concord kuwa ta Cif Abiola. Amma duk suna shimfiɗe gefe da gefe, idan wannan ta ɓoye magana waccan za ta tona, kuma abin da Bahaushe ya gani a kan teburin shi ne Bayarabe da Inyamuri suka gani. Da wannan ne musu yake yiwuwa, don ba a gardama sai an haɗu a kan abin da ake gardamar a kansa.

Wannan teburi yanzu ya koma cikin wayar hannu, kuma hannaye ƙalilan ne ke jera shi. Kamfanin Google shi ke da kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken da ake yi a intanet, shi ne kuma ya sayi YouTube tun 2006. Kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta cikin 2021, ya sayi Instagram cikin 2012 a kan dala miliyan dubu 1, sa'an nan ya sayi WhatsApp cikin 2014 a kan dala miliyan dubu 19. Shi kuwa Twitter, attajiri guda ne, Elon Musk, ya saye shi cikin 2022 a kan dala miliyan dubu 44, ya sake masa suna zuwa X, ya kuma sallami mafi yawan ma'aikatansa. Watau ke nan hanyoyin da miliyoyin mutane ke jin labarin gwamnatinsu, su kuma faɗi ra'ayinsu, sun tattaru a hannun mutanen da ba su cika cikin motar haya guda ba.

Abin lura shi ne yadda waɗannan kamfanoni ke cin abinci. Galibi ba sa karɓar ko kwabo daga mai shiga, yawanci da talla suke samun kuɗi, kuma kuɗin talla yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar mutum yana kallon wayarsa. Saboda haka aka tsara wa na'urorinsu lissafin da zai zaɓar wa kowane mutum abin da zai riƙe shi, ko da ya sha bamban da abin da aka zaɓar wa maƙwabcinsa. Shi kuwa ɗan Adam, babu abin da ke riƙe shi kamar fushi da tsoro. Cikin 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka, inda ta nuna cewa masu binciken kamfanin da kansu sun gano canjin da aka yi wa wannan lissafi cikin 2018 ya daɗa ɗaukaka maganganun husuma da raba kan jama'a.

Inda abin ya fi muni shi ne ƙasashen da masu kamfanin ba sa jin harshensu. A ƙasar Myanmar, wadda a da ake kira Bama, an yi shekaru ana zuba kalaman ƙiyayya a kan Musulmin Rohingya ta Facebook, alhali kamfanin ba shi da isassun ma'aikata masu karanta harshen ƙasar. Daga watan Agusta na 2017 mutane fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh don gudun kisan sojoji. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ambaci rawar da dandalin ya taka, kuma cikin Nuwamba 2018 shi kansa kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. Ƙasar da ke da harsuna ɗaruruwa da tsohon mikin ƙabilanci da na addini kamar Nijeriya, lalle ya kamata ta karanta wannan labari da idon basira.

Ta fuskar jaridu kuwa, tallar da a da take biyan albashin wakilin da ke zuwa kotu da majalisa da asibiti ya ɗauko labari, yawancinta ta koma aljihun waɗannan kamfanoni. Jaridar da ta rasa talla sai ta rage wakilai, sa'an nan ta koma tana rubuta kanun labarin da zai burge na'ura don a tura mata masu karatu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da wasu ƙasashe suka ce a raba wannan riba da jaridu, sai aka ga ainihin ƙarfin masu dandali. Cikin Fabrairu 2021, lokacin da majalisar Ostareliya ke shirin zartar da irin wannan doka, Facebook ya wayi gari ya rufe labaran jaridu baki ɗaya a ƙasar, har rufewar ta haɗa da shafukan hukumomin lafiya da na kashe gobara da na hasashen yanayi. Bai buɗe ba sai bayan kimanin mako guda, da gwamnati ta yi wa dokar gyara. A Kanada ma haka aka yi cikin Agusta 2023, kuma a cikin watan ne gobarar daji ta sa aka kwashe mutanen birnin Yellowknife, su wajen 20,000, suna neman labarin hanyar tsira alhali an hana tura labaran gidajen jarida ta Facebook da Instagram. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. Cikin Yuli 2024 hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, watau FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kuma kotun da ke sauraron irin wannan ƙara ta tabbatar da tarar cikin Afrilu 2025. A cikin takardun da ya shigar kotu, kamfanin ya ce mai yiwuwa a tilasta masa rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Rufewar ba ta auku ba, amma saƙon ya isa kunnen kowa, tun daga mai mulki har matar da ke tallar atamfa da turaren wuta daga cikin ɗakinta.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganin shi ne a miƙa wa gwamnati mabuɗin. Cikin Yuni 2021 Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ita kuma gwamnati ta rama da dakatar da dandalin ɗungurungum har zuwa 13 ga Janairu 2022. A rana guda wasu ma'aikata a California suka yanke abin da shugaban ƙasar da aka zaɓa zai iya faɗa, bayan kwana biyu kuma gwamnati ta yanke cewa miliyoyin 'yan ƙasa ba za su faɗi kome ba a wurin. Kotun ECOWAS ta ce cikin Yuli 2022 dakatarwar ta saɓa wa doka. A duk wannan ja-in-ja babu wanda ya shawarci talaka, alhali shi ne mai bakin da aka rufe.

To, mene ne abin yi? Tarihin Amurka, inda waɗannan kamfanoni suka tsiro, yana da darasi. Akwai lokacin da kamfanin Standard Oil na John Rockefeller ya yi babakere a kan kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man fetur a ƙasar. Wata 'yar jarida mai suna Ida Tarbell ta bi diddigin hanyoyinsa, ta riƙa bugawa kashi-kashi daga 1902 zuwa 1904, kuma cikin 1911 Kotun Ƙoli ta raba shi zuwa kamfanoni 34. Irin wannan shari'a ta sake tasowa. Cikin Agusta 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba, bayan an nuna cewa cikin 2021 kaɗai ya biya fiye da dala miliyan dubu 26 ga masu ƙera waya da sauransu don a sa nasa binciken a gaba. Sai dai da aka zo hukunci cikin Satumba 2025, alƙalin bai yarda a raba kamfanin ba. Tarayyar Turai kuwa ta kafa doka cikin 2022 wadda ta ɗora wa manyan masu tsaron ƙofar intanet sharuɗɗa, kuma suna sauraronta ne don ƙasashe 27 ne ke magana da murya guda.

Nan ne darasin yake ga Afirka. Ƙasa guda ana iya yi mata barazanar tattara kaya a tafi, amma da wuya a yi wa nahiya sukutum. Abin da ya kamata a nema a fili yake: a bayyana wa hukumomi da masu bincike yadda na'ura ke zaɓen abin da mutum zai gani, a san wanda ya biya kuɗin kowace tallar siyasa, a ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci da Barbarci, sa'an nan wanda aka goge maganarsa ya sami kotun da zai kai ƙara. Kotu ce ya kamata ta zama mai raba gardama, don hukuncinta a bainar jama'a ake yinsa, kuma ana ɗaukaka ƙara.

Su ma gidajen jarida da na rediyo akwai aiki a gabansu. Wanda ya gina gidansa a filin wani, ranar da mai fili ya so zai tashe shi, kuma tuni masu iya magana suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Jaridar da ke son ta rayu sai ta nemi masu karatun da za su zo ƙofarta da ƙafarsu, su biya kuɗin labari kamar yadda iyayensu suka biya kwabo. Shi kuma mai karatu, idan labari ya zo masa yana tafasa jini, ya tsaya ya tambayi kansa wanda ya zaɓo masa shi da abin da mai zaɓen zai samu, ya kuma leƙa wani wuri kafin ya tura wa wani.

Zaɓen 2027 yana tafe, kuma yawancin yaƙin neman ƙuri'a a cikin waya za a yi shi. Mutanen ƙasar nan sun sha ɗauri da gudun hijira kafin su ƙwato 'yancin magana daga hannun soja, ba zai kyautu ba a wayi gari an bar shi jingina wurin waɗanda ba a zaɓe su ba, ba a kuma iya tsige su. Allah Ya ba shugabanni da talakawa ikon ganewa tun da sauran lokaci, amin.