Inuwar Al Karama da makomar ƙananan dashe

Al Karama unguwa ce ta gajerun benaye da gidajen abincin Indiyawa, nesa da ƙyalƙyalin da aka san Dubai da shi. A watan Yuli zafi kan haura digiri 40, don haka kowa inuwa yake bi. Ni da nake karatun digiri na biyu kan tsirrai, gindin bishiyoyi nake leƙawa a hanyata ta zuwa lambun Zabeel, wanda aka buɗe a 2005.

A kurmi mai duhu irin na Kuros Riba, hasken da ke isa ƙasa ba ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Ƙaramar bishiya kan yi shekaru a tsugune, tana jiran wata babba ta faɗi ta buɗe mata sama. A can inuwa ce ke kashe dashe. A nan kuwa, inda ruwan shekara bai fi milimita 100 ba, rana ce ke kashe shi. Shi ya sa masu rainon dashe ke lulluɓe shi da koriyar raga, a kuma shayar da shi ta siraran bututu.

Inuwar ma iri-iri ce. Ta darbejiya mai kauri ce, amma 'ya'yanta na jure mata a farkon rayuwa. Ta dabino kuwa inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Ghaf, 'yar'uwar kiryarmu, wadda ƙasar ta ayyana bishiyarta a 2008, ganyenta ƙanana ne: tana tace rana, ta sanyaya ƙasa, ta bar haske ya ratsa.

Manoman Maraɗi sun daɗe da sanin wannan lissafi. Gawo kan zubar da ganye da damina, gero ya sami rana, da rani kuma ya yi inuwa. Tun 1983 suke raya kututture a gonaki, suna sassabe rassa don haske ya isa shuka, har aikin ya mamaye hekta kusan miliyan 5 a Nijar.

Da yawa cikinmu kan tura kuɗi gida a sayi dashe kowace damina, kafin bazara rabi ya bushe. Kafin ku tura na bana, ku tambayi inda za a dasa. Gawo fili yake so. Ƙaramin mangwaro kuwa, a yi masa 'yar rumfar kara har ya ga rani ɗaya.