Gidan Sarautar da Ya Tsallake Rijiya da Baya a Ƙasar Kent

A kudu maso gabashin Ingila, cikin lardin Kent, kusa da garin Sevenoaks, akwai wani tsohon gida mai suna Ightham Mote, wanda mutanen wurin ke kira Aitam Mot. Matafiyi ba ya hangensa daga nesa, domin a cikin wani kwari yake mai yawan itatuwa. Sai ya gangara ya sha kwana, sa'an nan ya yi kiciɓis da shi tsaye a tsakiyar ruwa, gwalalo ya kewaye shi ta fuskoki huɗu.

An aza harsashinsa ne a farkon rabin ƙarni na 14, watau ya doshi shekara ɗari bakwai ke nan. Irin wannan gida a zamanin da shi ne mazaunin mai ƙasa, wanda manoman kewaye ke noma gonakinsa suna biyansa haya. Ƙasan bangon da dutsen lardin aka gina shi, shi ne ke jure wa ruwa. Sama kuwa a wasu sassan ginshiƙan katako ne aka gitta, aka cike tsakaninsu da yaɓe. Mai shiga sai ya haye gada ya ratsa ƙarƙashin hasumiyar ƙofa, ya faɗa tsakar gida wadda aka daɓe da duwatsu. Ɗakuna fiye da 70 ne suka kewaye wannan fili.

Mafi tsufa a ciki shi ne babban zaure, inda mai gida da barorinsa suke cin abinci. Akwai kuma ɗakin ibada wanda aka yi wa rufinsa ado a zamanin Sa Richard Clement, bafaden Sarki Henry na Takwas, wanda ya sayi gidan a 1521. An zana furen wardi, tambarin gidan sarautar Tudor, da rumman, tambarin Sarauniya Catherine ta Aragon, don nuna mubaya'a. Daga 1591 gidan ya koma hannun zuriyar Selby, suka riƙe shi kusan shekara 300. Abin da ya taimaki ginin shi ne, masu shi ba su taɓa rushe shi don su gina na yayi ba. Kowa ya zo sai ya ƙara abin da ya sawwaƙa, ya bar na magabata.

Sa Thomas Colyer-Fergusson ya saye shi a 1889, ya yi masa gyara mai yawa. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai zamani ya juya wa irin waɗannan gidaje baya. Harajin gado ya yi nauyi, barori sun yi ƙaranci, kuɗin gyara kuwa ba iyaka. Ɗaruruwan manyan gidajen karkara aka rushe a Ingila a ƙarni na 20. A 1951 jikan Sa Thomas ya sa gidan a kasuwa, aka yi gwanjon kayan ciki. Har an kawo shawarar a rushe shi a kwashe darmar rufinsa a sayar, ko kuwa a yanka shi gida-gida a zuba 'yan haya. Sai wasu mutum uku na yankin suka haɗa kuɗi suka saye shi, don kada a yi wannan ɓarna.

A 1953 wani attajiri Ba'amurke daga jihar Maine, Charles Henry Robinson, ya karɓe shi daga hannunsu. Tun yana saurayi ya taɓa ganin gidan, ya kwanta masa a rai. Ya gyara abin da ya iya, ya kuma bar wasiyya cewa a ba da shi ga ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895 don riƙon amanar wuraren tarihi. Da ya rasu a 1985 ƙungiyar ta karɓa.

Da masana suka bincika, sai suka tarar laima da ƙwaron katako sun ci ginshiƙai da yawa. Aka fara aiki a 1989, ba a gama ba sai 2004, aka kashe wajen fam miliyan 10. Sashe-sashe aka riƙa kwance ginin, ana rubuta inda kowane katako da dutse ya fito, a gyara mai gyaruwa, a mayar da shi gurbinsa. Ƙa'idar ita ce, ba a sa sabo sai inda tsoho ya ƙi ceto.

Doka ma tana bayansa. Tun daga dokokin tsarin gari na 1944 da 1947 hukuma ke ajiye jerin gine-ginen tarihi, aji-aji. Wanda duk aka sa a ciki, mai shi ba shi da ikon rushewa ko sauya fasalinsa sai da izini, in ya yi gaban kansa kuwa ya aikata laifi. Ightham Mote yana aji na ɗaya, wanda gine-gine ƙalilan ne ke samunsa. Hatta ɗakin kare da ke tsakar gidan, wanda aka gina wa wata ƙatuwar karya mai suna Dido a ƙarshen ƙarni na 19, ya shiga cikin wannan kariya.

Yanzu ƙofar a buɗe take ga jama'a. Kuɗin shiga da na 'yan ƙungiya da aikin masu sa kai su ne ke riƙe da gidan, domin ruwan da ya ƙawata shi bai daina cin gindinsa ba, gyara kuwa ba ranar gama shi.