Masta Mai Gyaran Rediyo Ya Kwanta Dama

Ranar sadakar bakwai ta tsohon mai gyaran rediyon zangon Salaga, baƙi sun fi dangi yawa a kan tabarmi. Masu gyaran waya sun zo daga Yendi, wani mai haɗa wutar sola ya zo daga Bawku, wasu kuma sun taso daga Kumasi, suka kwana a Yeji, suka hau jirgin fito zuwa Makango don kada addu'a ta wuce su. Dukkansu Masta suke ce masa, har waɗanda furfura ta cika wa gemu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ku dattawa kun san abin da ya tara su. Yara ne ke buƙatar a faɗa musu. An gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya haɗiye gonaki da ƙauyuka, mashigin Yeji ya faɗaɗa har Makango ta koma bakin tafki, amma wutar da aka yi madatsar dominta ba ta hau arewa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Ruwan ya riga wutar zuwa da shekara ashirin da ɗoriya. A duk tsawon lokacin nan, abin da ke haɗa mutumin zango da sauran duniya shi ne akwati mai cin batir, ko Akasanoma da ake haɗawa a Tema, ko Philips, ko National, a cikin rigar fata da aka ɗinka masa, ana rataye shi a kafaɗa zuwa kasuwa, a ajiye shi gefen buta lokacin alwala, da dare kuma a zagaye shi a ƙofar gida, manya a kan benci, yara a ƙasa, ba mai tari.

Ta cikinsa aka ji an hamɓarar da Nkrumah a Fabrairun 1966. Ta cikinsa aka ji dokar gwamnatin Busia ta korar baƙi a 1969, wadda ta raba zanguna da mutanen da aka haifa a cikinsu. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Amurka a 1979, ga kuma Kaduna a kan mita 49, inda ake jin Shata da Ɗan Maraya, ana kasa kunne ko za a karanto gaisuwar wani ɗan Ghana a Zaɓi Sonka. Mutumin da kakansa ya baro Kano ko Katsina da jakuna don fataucin goro, a nan yake jin yadda ake Hausa a gida. Idan akwatin ya yi shiru, gidan ya kurumce.

Yau labari na riskar mutum a aljihu, ko bai nema ba.

To, shi Masta aikinsa ke nan, ya dawo wa gida da ji. Kafin wuta ta zo, a kan gawayi yake ɗora ƙarfen narka dalma, yaro na fifita, shi yana gwada zafin a kusa da kumatu. Ba ya saurin kwance rediyo. Zai kunna, ya murɗa tasha daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya karkata kai, kamar ungozoma mai sauraron ciki, sannan ya tambaye ka yaushe ya fara, kuma wa ya taɓa shi. Zai jiƙa yatsa ya ɗora a kan ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara. In lasifika ta yi gurnani, ya san ɓangaren sauti lafiya lau, ciwon yana can wajen kama tasha, rabin aikin ya ƙare ke nan ba a cire ko ƙusa ɗaya ba. Ya san ƙurar hunturu ce ke shiga tsakanin farantai masu juyawa ta sa ƙarar kaskas, ya san batir da aka manta a ciki shi ke zubar da ruwa ya cinye ƙarfe, ya san dalilin da ya sa tashar da ke fita tangaran a mita 19 da rana sai an sauko mita 41 ko 49 da dare. Zaren da ke jan allurar tasha in ya tsinke, igiyar fatsa ta masuntan Makango ita ce magani. Kayan gyara kuwa daga gawar wani rediyon ake ciro su, shi ya sa shagonsa ya cika da akwatunan da suka mutu tun zamanin mulkin Acheampong, kuma ya san abin da ke cikin kowanne.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Yana da faɗa, yana da ranƙwashi, kuma "dawo jibi" ɗinsa kan kai wata biyu. Mutane da yawa sun yi fushi sun ɗauke rediyonsu, akasarinsu sun dawo da shi.

Abin da ya raba shi da tsaransa shi ne bai ɓoye sani ba, a cikin sana'ar da kowa ke juya baya ya kare aikinsa da kafaɗa in yaro ya leƙo. Shi zana maka hanyar wutar yake yi a bayan kwalin sigari. Masu gyara na Yendi da Bawku, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, sukan aiko da wasiƙa ta hannun direban motar doya, su bayyana ciwon da ya gagare su, amsa ta koma ta wannan hanyar, wani lokaci da ɗan tiransisto a naɗe cikin takarda, ba a maganar kuɗi. Irin wannan zumunci na wasiƙa da direba shi ya riƙe sana'ar a arewa, kuma shi ne kan gaba a ciki.

Tashoshin FM sun yawaita daga tsakiyar shekarun 1990, gajeren zango ya ja baya, sannan waya ta zo ta haɗiye rediyo da kaset da tocila gaba ɗaya. Samari, ban raina aikinku ba. Kuna kwance waya da iska mai zafi, kuna liƙa abin da idon tsoho ba ya ko gani, kuna koyo a YouTube cikin dare ɗaya abin da a da sai an shekara ana fifita gawayi. Amma ku lura da yawan lokutan da kuke cewa "sai an canja allo" ko "sai an canja bod" kafin ku san abin da ya lalace. Laifin ba naku ba ne duka. Ku buɗe ƙaramin rediyon China mai ɗaukar memori, za ku tarar da ɗigon baƙin roba guda a tsakiyar faranti, duk rediyon yana ƙarƙashinsa, ba ƙafar da za a taɓa, ba abin da za a ciro. Wanda ya ƙera shi bai yi nufin a gyara ba, kuma kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sabo.

Tsofaffin shagunan da suka rage a Salaga da Yendi da Bawku, duk wanda mai shi ya rasu, magada kan kira 'yan gwangwan. Su kuma ba sa tambaya ko Philips ne ko Akasanoma. Fasawa suke yi su zare jan ƙarfe, sauran a ɗora a sikeli, a biya da kilo.