Darasin da aka nema ba a gani ba

A watan Agustan 2020, lokacin da kogin Isa ya ɓalle ya shiga unguwannin Harobanda, ruwa ya ci kwalin da na yi shekaru ina tara tsofaffin tambayoyin jarrabawar BEPC da gyaransu. Mu malamai huɗu na nan Kirkissoye muka ce ba za a sake ba. Muka yi karo-karo, wani tsohon ɗalibina ya buɗe mana shafi a intanet, muka ɗauki hoton takardun da suka tsira da salula, muka loda. Muka sanar da iyaye, hankalinmu kwance.

Bayan wata biyu sai mahaifiyar wata ɗaliba ta tare ni a bakin lakwal. Ta ce, "Mushe, yarinyar nan ta nema a Google har megarmu ta ƙare, ba ta ga komai ba." Na ji kunya, domin na san da kuɗin cefane aka sayi megar nan.

Ranar Asabar na zauna da yaron da ya buɗe shafin. Shi ya fahimtar da ni cewa Google ba ya sanin abin da ke shafinka sai ya aiko ɗan aikensa, wata manhaja mai suna Googlebot, ta bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya tana karantawa. Abin da ba ta karanta ba, mai nema ba zai same shi ba. Ya buɗe Search Console, muka ga yawancin shafukanmu an san da zamansu, amma ba a kai ga karanta su ba.

Laifin duk namu ne. Na farko, hotunanmu manya ne, rumbun da muka yi haya kuma mai arha ne, yana jinkirin amsawa. Googlebot kuwa idan ta ga rumbu yana nishi, rage zuwa take yi don kada ta durƙusar da shi. Na biyu, mun saka kalanda don ado, kowane wata yana kaiwa ga wata na gaba ba iyaka, sai ɗan aiken ya ɓata zuwansa yana bin ranakun da babu komai a ciki. Na uku, darussa da yawa babu mahaɗar da ke kaiwa gare su, kamar ɗaki ba ƙofa.

Gyaran bai ci ko dala ba, lokaci ya ci. Muka hana bin kalandar ta fayil ɗin robots.txt, muka miƙa taswirar shafi mai jera adireshin kowane darasi, muka rage nauyin hotuna. Mafi wahala shi ne sake buga tambayoyin da hannu, kowanne da take bayyananne: fanni, aji, shekara. Darare da yawa muka yi a kai. Cikin ƴan makonni darussan suka fara fitowa.

Tun a makarantar horon malamai aka koya mana cewa bayan ka rubuta a allo, ka koma kujerar baya ka duba ko ana gani. Wannan ne muka manta. Ƴan'uwa malamai, idan kun saka wani abu a intanet, ku ari salular wani uba ku nema kamar yadda ɗansa zai nema. Iyaye kuma, idan ba ku gani ba, ku faɗa mana. Da matar nan ta yi kawaici, da har yau muna zaton mun gama aiki.