Saƙon Kuskure: Mu Gogewa Muke Yi, Su Karantawa

Duk mai aikin sauti a Kano ko Kaduna, ɗan gidan rediyo ne ko mai sutudiyon waƙa, ya san maganin manhajar da ta yi gardama: a cire ta a sake sakawa, in ta ƙi a kai wa mai gyara ya wanke kwamfutar. A nan Jamus, cikin masu amfani da Linux, na tarar da ɗabi'ar da ta bambanta da tamu. Su zama suke yi su karanta saƙon kuskuren.

Manhajojin da suke aiki da su, irin su Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fitar a 2000, da Ardour ta Paul Davis, tushensu a buɗe yake. Kowa na iya sauke rubutun umarnin ya harhaɗa da kansa, kamar mai sayen yadi ya ɗinka rigarsa. Wajen harhaɗawar ne ake yawan cin karo da matsala.

A wani zaman yamma na masu Linux, wata ɗaliba tana harhaɗa ƙaramar manhajar sauti sai aikin ya cije, jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Dattijon da ke gefenta ko madannai bai taɓa ba. Cewa ya yi ta koma sama ta nemo kuskuren farko, domin shi ya haifi sauran. Layin ya ce ba a ga fayil ɗin asoundlib.h ba. Ta yi mamaki, tunda ga kwamfutar tana fitar da sauti lafiya lau. Sai ya bayyana mata cewa ALSA, sashen da ke kula da katin sauti, yana nan, amma nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu sun ware fayilolin da ake buƙata wajen harhaɗawa a wani ƙunshi daban mai suna libasound2-dev. Tana saka shi aiki ya ci gaba.

Wani lokacin kuma tsufa ne sanadi. Da manhajar harhaɗawa ta GCC 10 ta fito a 2020 da tsauraran ƙa'idoji, tsofaffin manhajoji da dama suka daina harhaɗuwa har sai da aka gyara rubutunsu. Wanda ya gano irin wannan yakan kai rahoto ga masu manhajar, da lambar sigar da cikakken saƙon, don kada na baya ya sha wahalar. Masu harkar sauti a Linux har taron ƙwararru suke yi, wanda aka fara a Karlsruhe a 2003.

Mutanenmu ba ƙyuya ce ta hana su ba. Data da tsada, wuta ba tabbas, ga mawaƙi a tsaye yana jiran aikinsa. Sannan yawancin manhajojin da ke sutudiyoyinmu a rufe suke, ko ka fahimci ciwon ba ka da ikon buɗe cikinsu. Amma wanke kwamfuta yana tafiya da shaidar abin da ya lalace, gobe matsalar ta dawo ba wanda ya ƙaru.

Shi ya sa nake roƙon makarantun koyon kwamfuta na gida su sa wannan cikin darasi: a ba ɗalibi manhaja mai buɗaɗɗen tushe, a bar shi ya harhaɗa, in ta cije a zauna da shi a kan layin farko har ya gane abin da yake faɗa.